Allo, Tsintsiya da Ganuwar Katagum



A satin da aka koma makaranta, wasu yara biyu 'yan aji biyar suka shigo kasuwa da takarda daga malaminsu. An ce kowane ɗalibi ya rubuto tarihin garin iyayensa, ya zana taswirarsa, ya kawo cikin sati uku. Mahaifinsu mutumin Azare ne kamar mu, rumfarsa na jikin tamu. Ya zaro kuɗi ya ce su je shagon mai kwamfuta a buga musu. Da la'asar suka dawo da shafi huɗu, har da hoto. Muka ce wa babban, "Kai ɗan nan, wa ya kafa Katagum?" Ya dubi takardar, ya dube mu, ya yi shiru. Ba mu ga laifin yaron ba. Abin ne ya sa muka waiwayi yadda shekarar karatun yaro take a ƙasar Katagum a da, da abin da ya zube mana a hanya.

Mu fara da amsar da yaron ya kasa bayarwa. Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta a hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar da garin Katagum a bakin kogin Jama'are, 'yan shekaru bayan fara jihadi a 1804. A watan Janairun 1824 Baturen nan Clapperton ya sauka a garin, zamanin Sarki Ɗankauwa, ya rubuta cewa ya ga ganuwa biyu da ƙofofi huɗu, ana kuma ciniki da wuri. Abokin tafiyarsa, Likita Oudney, ya rasu a Murmur, kusa da nan. Turawa sun karɓi ƙasar a 1903, daga baya aka mai da fadar sarki Azare. Shi ya sa yau Azare ce hedikwatar ƙaramar hukumar Katagum, tsohon garin Katagum kuwa shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki. Yaranmu da yawa ba su san ma gari biyu ake magana ba.

Tun kafin boko ƙasar nan ƙasar allo ce, kuma tana kan hanyar masu zuwa gabas neman Alƙur'ani. Makarantar allo ba zaman biya karatu kaɗai ba ce. Almajiri shi yake fiƙe alƙalaminsa daga gamba, shi yake dafa tawadarsa da ƙaro, shi yake wanke allonsa ya shanya. Da damina yana gonar malam, da rani malam ya kwashi almajiransa su tafi wani gari, su ga kasuwarsa, su ji bakin mutanensa. Ranar Alhamis da Juma'a, da ba a karatu, manya su kama ɗinkin hula ko tufkar igiya. A cikin gida kuma uwa da kaka na nan da nasu darasin: tatsuniya bayan isha, kacici-kacici, sunayen kakanni, yadda ake gaida babba. Ko a Sakkwato, Nana Asma'u ba ta jira an gina aji ba. Jajis ta tura ƙauyuka suna karantar da mata a gidajensu. Ke nan murhun karatu duwatsu uku ne: aikin hannu, fita a gani da ido, da karatun gida.

Da boko ya zo, farkonsa bai rushe murhun ba. Makarantar da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da ɓangaren sana'a, ana koyar da dukanci da sassaƙa da ƙira. Makarantun elementare na En'e da suka biyo baya su ma sun riƙe gonar makaranta da aikin hannu. Irin wannan karatu, a kan tushen allo, shi ya fitar da su Alhaji Sule Katagum, wanda ya shugabanci hukumar ɗaukar ma'aikata ta tarayya, da Alhaji Aminu Saleh, wanda ya riƙe sakataren gwamnatin tarayya, wanda kwalejin ilimi ta Azare ke ɗauke da sunansa a yau.

Mu kuwa a zamanin UPE muka tashi. A Fabrairun 1976 aka ƙirƙiro jihar Bauchi, a Satumbar shekarar gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe firamare kyauta ga kowa. Wasunmu suka yi nisa a boko, wasunmu muka tsaya a Islamiyya muka kama kasuwa, amma shekarar makaranta duk mun san fasalinta, don da yanayin gari take tafiya. Da kaka, kowa ya kawo abin da aka girbe a gidansu, gero, dawa, wake, gyaɗa, a jera a gaban aji ana faɗin sunansa da amfaninsa. Da hunturu sai aikin hannu. Maza su yanko kaba su tufka igiya ko su ɗaure tsintsiya, mata su saƙa faifai da mafici, ƙanana su ɗebo yumɓu su gina tukunya da raƙumi. Malam ya duba ya ba da maki, tsintsiyar kuma da ita za a share ajin har ƙarshen shekara. Da ruwa ya sauka, kowane aji da kunyarsa a gonar makaranta. Wani lokaci a jera mu biyu-biyu a kai mu maƙera, ko wajen masu jima, ko ƙofar fada mu ga dogarai. Ba mota, ba kuɗin shiga. Washegari malam ya ce kowa ya tashi ya faɗi abin da ya gani.

To a ina abin ya karye? UPE ta tara yara fiye da azuzuwa da malamai. Malamin da ke da cincirindon yara a gabansa ba ya iya zagayawa da su gari. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, albashi ya riƙa makara, sai wata al'ada ta shigo a wurare da yawa: wanda bai yi aikin hannu ba ya kawo kuɗi, ko ya sayo tsintsiya a kasuwa. Mu faɗi gaskiya, mu iyaye mun fi kowa murna da wannan, don ya fi mana sauƙi. Ranar da aka fara sayen makin aikin hannu, ranar aka koya wa yaro cewa kuɗi na iya zama a madadin sani. Shagon mai kwamfuta jikan tsintsiyar kasuwa ne.

Gwamnati ta sake yunƙurawa. An ƙaddamar da UBE a Sakkwato a 1999, dokarta ta fito a 2004. A Bauchi da Sakkwato an shigo da littattafan "Mu Karanta" don yaran aji ɗaya zuwa uku su fara karatu da Hausa. Sai ga cutar korona, aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, karatu ya koma rediyo da talabijin. A nan asiri ya tonu. Gidan da ke da mai zama kusa da yaro, ko da allo kaɗai ta sani, yaron bai zubar da karatunsa ba. Gidan da aka bar wa malam komai, yaro ya koma makaranta kamar bai taɓa shiga aji ba.

Mu da muke zaune a Sabo lamarinmu ya fi tsanani. Yaron Azare ko ba a kai shi ba zai wuce ta ƙofar fada, zai ga hawan sallah. Namu kuwa a bakinmu kaɗai zai ji. Idan muka yi shiru, ya tashi da yaren garin nan da Turanci, garin ubansa kuma ya zama suna a jikin motar da ke kawo albasa.

Ba ma roƙon abu mai tsada. Idan malam ya ba da aiki, a zaunar da yaro gaban kakarsa ko wani dattijo, ya rubuta da hannunsa ko da layi goma ne. Makarantun Islamiyyarmu su ware rana ɗaya a kowane zangon karatu su kai yara wajen sarkin Hausawa, ko kara wajen 'yan shanu, ko rumfar maɗinka. Wanda zai je gida da babban hutu ya ɗauki yaro ɗaya, ya tsaya da shi a Azare, in da hali ya ƙarasa da shi tsohon garin Katagum ya nuna masa kogin.

Shi kuwa maƙwabcinmu, da muka yi masa magana bayan sallar magariba, ya ce, "Malam, ai ni ma abin da na sani kaɗan ne." Muka ce kaɗan ɗin nan ya ba su. A daren ya kira yayarsa a waya, yaran suka zauna da biro suna rubuta abin da gwaggonsu ke faɗa. Shafi ɗaya suka samu, da gogewa da karkataccen rubutu, shi suka kai wa malam. Allah Ya raya mana zuriya, Ya sa su fi mu sani. Amin.