Gumin da Ya Bushe a Kakuri

Yau zan ɗan ajiye labarin soyayya in waiwayi tarihin wasu bayin Allah da aka ce su yi haƙuri su yi aiki, kuɗi na nan tafe, wato ma'aikatan masaƙun Kaduna.

A shekarar 1957 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Ingila aka kafa masaƙar KTL a unguwar Kakuri. Daga baya Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo sahu. Audugar Funtuwa da Gusau da Zariya ita ake saƙawa ta koma akoko da atamfa, kuma albashin ɗan masaƙa shi ke riƙe da mai gidan haya da mai tuwo da mai shago. Kai, har ƙauyen da ya baro ana jin ɗuminsa.

Da farashin man fetur ya faɗi, sai gwamnatin Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilun 1982. Kuɗin waje suka yi wuya, lasisin shigo da kaya ya zama sai mai uwa a gindin murhu. Noman auduga kuwa dama ya ja baya tun lokacin da kuɗin mai suka ruɗe mu. Masaƙa ba zare, ba rini, ba kayan gyaran inji, sai aka shiga tura ma'aikata hutun dole. A farkon 1984 KTL ta nemi ma'aikatanta su ci gaba da aiki a kan guntun albashi, abin da ya jawo bore a garin Kaduna.

Ba su kaɗai ba ne. Sanarwar juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, wadda Birgediya Sani Abacha ya karanta, ta ambaci jihohin da ma'aikata ke bin bashin albashin wata 8 zuwa 12. A watan Oktoba 1985 Janar Babangida ya kafa dokar ta-ɓaci kan tattalin arziki ta wata 15, aka riƙa yankar wani kaso daga albashi. A 1986 SAP ta zo, Naira ta karye, ɗan abin da ya saura a hannu ya zama ba ya sayen komai.

Mai karatu zai ce, to me ya sa mutum zai yi sammako zuwa aikin da ba a biyansa? Amsar ita ce tsoro da sa rai. Wanda ya shekara 20 a gaban inji ya san in ya tafi don kansa, kuɗin sallamarsa na iya bin ruwa, kuma ga dubbai a bakin ƙofa suna jiran gurbinsa. Don haka sai ya ce da babu gara ba daɗi.

Masaƙun sun ɗan farfaɗo, amma rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai da atamfar fasa-ƙwauri suka sake durƙusar da su. KTL, mallakar jihohin Arewa 19, ta rufe a 2002 ba tare da an biya ma'aikata haƙƙinsu na sallama ba. UNTL ma ta rufe a 2007. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe fiye da shekara 10 suna kai kuka, da yawansu har suka koma ga Mahaliccinsu ba su ga ko sisi ba, aka bar zawarawa da marayu riƙe da takardu.

A ganina, duk ranar da ma'aikaci ya yi aiki ba a biya shi ba, rance ya ba mai kamfani, kuma shi ne mai ba da rancen da ba shi da jingina ko shaida. Haƙuri abu ne mai kyau, amma in an ce ka yi shi, nemi a rubuta nawa ne, yaushe za a biya, kuma wa ya tsaya. Gemun mutanen Kakuri ya riga ya kama wuta, saura mu shafa wa namu ruwa.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu suna jira, Ya kuma bi musu haƙƙinsu.