Eriya: Kunnen Rediyo Daga Zamanin Hertz Zuwa Zamanin Manhaja

Wanda ya sayi rediyon da ke aiki da manhaja, ya jona shi da kwamfuta, bai ji kome ba sai shuu, yakan ɗora wa na'urar laifi. Sau da yawa laifin na eriya ne, kuma tarihinta na bayyana dalili.

A shekarar 1887 da 1888, a birnin Karlsruhe na Jamus, Heinrich Hertz ya tabbatar da samuwar igiyoyin rediyo. Sanduna biyu na ƙarfe ya jera kai da kai, da ƴar tazara a tsakaninsu inda tartsatsin lantarki ke tsallakewa. Wannan ita ce kakar eriya mai hannu biyu da ake kira daipol. Ƙa'idarta kuwa ita ce eriya ta fi kama igiyar da ta dace da tsawonta, musamman idan tsawon ya kai rabin zangon igiyar.

A 1895 Guglielmo Marconi, a kusa da Bologna ta Italiya, ya ɗaga waya ɗaya sama, ya haɗa ɗaya ɓangaren da ƙasa, sai saƙonsa ya yi nisan da bai taɓa yi ba. Ranar 12 ga Disamba 1901 ya ce ya ji harafin S, ɗigo uku, a St. John's ta Newfoundland, an aiko daga Poldhu a Ingila. Wayar da ya saurara da ita, mai tsawon mita 150 ko kusa da haka, wani abin tashi na ƙyalle ne da iska ke ɗauka ya riƙe ta a sama. Har yau masana na muhawara a kan abin da ya ji a ranar, amma darasin ya zauna: doguwar igiya, doguwar waya take so.

A 1926, a Jami'ar Tohoku ta Japan, Shintaro Uda da malaminsa Hidetsugu Yagi suka jera sanduna a gaba da bayan daipol, sai eriyar ta tattara jinta wuri guda, kamar mai kara tafin hannu a kunne. Yagi ne ya buga bayanin da Turanci a 1928, shi ya sa sunansa ya danne na Uda. Japan ba ta ba ƙirar muhimmanci ba, sai Birtaniya da Amurka suka sa ta cikin na'urorin hango jiragen sama. An ruwaito cewa bayan faɗuwar Singafo a 1942, jami'an Japan sun tarar da kalmar "Yagi" a takardun sojojin Birtaniya, ba su gane cewa sunan ɗan ƙasarsu ba ne. Irin wannan eriya ce daga baya ta cika rufin gidaje don kama talabijin.

A farkon shekarun 1990 Joseph Mitola ya yaɗa tunanin rediyon da manhaja ke yi wa aikin tace sauti da warware shi. A 2012 masu sha'awar fannin suka bayyana cewa ƴar na'urar kallon talabijin mai araha, mai ɗauke da RTL2832U, tana iya zama irin wannan rediyo, tana kama daga kimanin megahaz 24 zuwa sama da 1,700.

A nan matsalar ta fito. Manhaja na sauya tasha cikin ƙiftawar ido, ƙarfe kuwa ba ya sauya tsawonsa. Lissafin mai sauƙi ne: a raba 300 da adadin megahaz, a sami zango a mita. Tashar FM ta megahaz 100 zangonta mita 3 ne, saboda haka kowane hannun daipol zai kai santimita 75 ko ƙasa kaɗan. Saƙon jiragen sama na megahaz 1,090 sandar santimita 7 ta ishe shi. Gajeren zango kuwa, wanda Sashen Hausa na BBC ya fara isowa ta kansa a 1957, waya mai mitoci da yawa yake bukata.

Saboda haka ɗalibi ya fara da tambayar kansa abin da yake son ji. Idan tasha ɗaya ce mai nisa, ƙirar Yagi da Uda zai nema. Idan yawo zai yi tsakanin tashoshi, akwai eriyar diskon, wadda Armig Kandoian ya sami rajistar ƙirarta a 1945: tana ɗaukar fage mai faɗi, amma ba ta ƙara wa saƙo ƙarfi. Kowace ya zaɓa, ya ɗaga ta sama, ya nisanta ta da kwamfuta da caja, domin hayaniyarsu na rufe raunanan tashoshi.