Kujerar Ɗan Gida: Daga Kpakungu Zuwa Ɗakin Matuƙa Jirgin Sama

Akwai dokar da ba a taɓa rubuta ta a allon wata tasha a Minna ba, amma duk ɗan tasha ya haddace ta: direba ba ya biyan kuɗin mota a motar ɗan'uwansa direba. Wanda motarsa ta kwana a gareji, in ya fito daga gida a Fadikpe ya nufi shataletalen Kpakungu inda motocin Bida ke lodi, ba sai ya laluba aljihu ba. Gaisuwa ta wadatar. "Maigida, a rage mini hanya." Kwandasta ya miƙo hannu, direba ya ce, "Bar shi, ɗan gida ne." Wani lokaci har a matsa masa a gaba, a raba kujera da shi. Masu keke da 'yan acaɓa ma haka suke yi wa junansu. Babu mai ɗaukar abin a matsayin sadaka, don kowa ya san bashi ne, kuma da irinsa ake biya ranar da motar wancan ta tsaya.

Al'adar ta girmi motar haya a garin, domin Minna garin reluwe ce. Layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda aka fara a zamanin Gwamna Percy Girouard, ya ratsa ƙasar Gbagyi ta nan ya isa Kano a 1911. Layin da ya taso daga Legas ta Jebba da Zungeru kuma ya zo ya haɗe da shi a Minna, garin ya zama mahaɗa. Aikin reluwe aiki ne da kan ƙare nesa da gida: direban jirgi da mai zuba gawayi su sauka a wata tasha, iyali na wata. Maganin da hukuma ta yi wa wannan shi ne fas ga ma'aikacinta, waranti ga ma'aikacin gwamnati. A Birtaniya, inda aka kwaso tsarin, ma'aikatan jirgin ƙasa sun saba sayen tikitin gata a kan rubu'in kuɗi, amma hawa kan injin kusa da direba sai da takarda ta musamman. Tun wancan zamani ke nan aka raba abu biyu. A ɗauke ka kyauta daban, a bar ka ka zauna inda ake tuƙi daban.

Jirgin sama ya gaji duka biyun. A bayan kujerun kyaftin da mataimakinsa akwai wata 'yar kujera mai naɗewa, wasu jiragen guda ɗaya, manya kuma biyu. Ba don baƙi aka yi ta ba. Doka ce ta tilasta a ajiye wurin da sufeton hukuma ko malamin da ke gwada matuƙa zai zauna ya ga hannunsu da allon na'urori, da abin jin magana a kunnensa da abin shaƙar iska a gefensa. A shekarun 1950 ɗakin matuƙan babban jirgi kan ɗauki mutum biyar, har da injiniya da mai duba hanya da mai rediyo. Na'ura ta cinye waɗannan ayyuka ɗaya bayan ɗaya, sai mutum biyu suka rage. Kujerar sufeto dai ta tsaya, kuma galibin ranaku babu kowa a kanta.

A Amurka ne aka mayar da wannan wuri na banza ginshiƙin sana'a. Ƙungiyar matuƙa ta ALPA, wadda David Behncke ya jagoranci kafawa a Shikago a 1931, da sauran ƙungiyoyi, sun matsa har kamfanoni suka riƙa ƙulla yarjejeniyar ban-gishiri-in-ba-ka-manda: ku ɗauki matuƙanmu, mu ɗauki naku, ba a biyan ko sisi. Abin ya bunƙasa bayan dokar 1978 da ta sakar wa kamfanonin jiragen saman Amurka mara. Daga nan kamfanoni suka shiga buɗe sansani da rufewa, suna haɗewa suna karyewa. Matuƙin da ya gina gida a gari guda sai ya wayi gari an mayar da wurin aikinsa wani birni mai nisan awa huɗu a sama. Ko ya kwashe yara daga makaranta ya bi aiki, ko ya riƙa zuwa aiki a jirgin wasu. Dubbai suka zaɓi na biyu.

Kyautar tana da ladabinta, kuma ɗan tasha zai gane shi nan take. Baƙo zai zo da shiga ta mutunci, ya miƙa wa kyaftin katin aiki da lasin da takardar likita, sannan ya roƙa. Ba ya cewa an ba shi kujera a kanta, sai dai ya ce yana neman alfarma, domin maganar ƙarshe ta kyaftin ce, ko da mai kamfani ya sa baki. Sufeton hukuma ne a gaba, sai masu aikin kamfani, sai matuƙan gida, ɗan wani kamfani ya zo a ƙarshe. Ba ya shan giya ko da a cikin fasinjoji aka zaunar da shi, don ana ƙirga shi cikin ma'aikatan jirgin. Ƙasa da ƙafa 10,000 kuma ba ya buɗe baki sai in ya ga haɗari.

Da yake ikon na kyaftin ne, kujerar ta zama bulala a wasu lokutan. Bayan yajin aikin Continental a 1983, na United a 1985 da na Eastern a 1989, sunayen waɗanda suka yi aiki alhali 'yan'uwa na yaji sun yi ta yawo hannu zuwa hannu, kuma akwai kyaftin ɗin da kan duba jerin kafin ya ce bismillah. Ƙungiyar ALPA a hukumance tana cewa kada a mayar da kujerar makamin rikici. Zuciya dai ba ta karanta takardar ƙungiya.

Batun kuɗi kuwa, a nan Amurka ta bambanta da sauran duniya. A cikin gida tafiyar kyauta ce. In za a ƙetare iyaka, galibi ɗan wani kamfani ba ya zama a ɗakin matuƙa, sai a cikin fasinjoji in da gurbi, kuma zai biya harajin filin jirgi da na gwamnati. A Turai da Afirka da Asiya, abin da aka fi sani shi ne tikitin rangwamen ma'aikata. Tsohon tsari shi ne ID90, wato a yafe kashi 90 cikin 100 na cikakken kuɗin tikiti. A 1994 wasu kamfanoni suka ƙirƙiro ZED, inda ake biyan tsayayyen kuɗi gwargwadon nisan tafiya, a mataki uku, ƙarami da matsakaici da babba, bisa abin da kamfanoni biyun suka shirya. Duka biyun na jiran tsammani ne. In jirgi ya cika da masu cikakken tikiti, kyaftin mai shekara talatin yana tuƙi zai tsaya da jakarsa yana kallo a rufe ƙofa.

A Najeriya tarihin ya bi wata hanya. Jiragen sojan saman Birtaniya sun sauka Kano a 1925, kamfanin jiragen Afirka ta Yamma ya kafu a 1946, Nigeria Airways ta fito daga cikinsa a 1958, makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya ta biyo a 1964. Shekaru masu yawa kamfani ɗaya ne ke riƙe da sararin cikin gida, saboda haka tambayar ɗan wani kamfani ba ta ma taso ba. Kowa ɗan gida ne. Sai a shekarun 1980 da Kabo Air ta Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo a Kano da Okada Air ta Benin suka shigo fage aka fara samun matuƙa masu hula iri daban-daban a fili ɗaya. Da Nigeria Airways ta durƙushe a 2003, matuƙanta suka watsu cikin kamfanoni masu zaman kansu, daga baya irin su Max Air da Azman suka taso a Arewa. Mutanen da suka yi aji ɗaya a Zariya sun koma ƙarƙashin iyayengiji daban-daban, kuma sanayyar ta fi kowace yarjejeniya tsufa. Sai dai ƙa'idojin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, kamar na sauran ƙasashe, sun taƙaita shiga ɗakin matuƙa ga ma'aikatan jirgin, da sufeton hukuma, da wanda littafin aikin kamfani ya yarje wa. Sanayya ba ta buɗe wannan ƙofa.

Dalilin tsaurin yana da kwanan wata. Ranar 7 ga Afrilu 1994, wani injiniyan jirgi na FedEx mai suna Auburn Calloway, wanda ke fuskantar kora, ya hau jirgin kaya na kamfaninsu a Memphis a matsayin ɗan rage hanya, da guduma a ɓoye cikin jakar jita. Jirgi na tashi ya far wa matuƙa uku. Da raunuka a ka suka danne shi, suka dawo da jirgin ƙasa, amma babu wanda ya sake tuƙa jirgin kasuwa a cikinsu. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 aka rufe ɗakin matuƙa ga 'yan wasu kamfanoni gaba ɗaya, aka sa ƙofofi masu sulke. Sai da aka ɗauki shekaru kafin a sake buɗe musu, ta hanyar wani tsari mai suna CASS: ma'aikacin bakin ƙofa ya shigar da lambar mutum a kwamfuta, ita kuma ta tambayi kamfaninsa kai tsaye ko har yanzu yana aiki, ta nuno hotonsa. Na'urar na tabbatar da fuska, ba ta ganin abin da ke cikin kai. A Oktoba 2023 wani matuƙin Alaska Airlines da ke kan kujerar a jirgin kamfanin Horizon ya kai hannu zai kashe injina biyu, aka riƙe shi, aka sauka a Portland lafiya.

Duk da haka matuƙa ba su yarda a cire kujerar ba, kuma suna da hujja. Ranar 28 ga Oktoba 2018, jirgin Lion Air samfurin Boeing 737 MAX da ya tashi daga Bali zuwa Jakarta ya riƙa dunƙufar da hancinsa da kansa. Wani matuƙin kamfanin Batik Air da aka rage wa hanya, yana zaune a baya, shi ya ba da shawarar kashe makunnin da ke juya jelar jirgin. Suka sauka lafiya. Washegari jirgin nan dai ya tashi da wasu matuƙa biyu, babu na uku, ya faɗa teku da mutum 189.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wanda ya fi cin ribar kyautar. A tasha, direban da aka rage wa hanya shi ke amfana. A sama kuwa kamfani ne. Muddin matuƙi zai iya zuwa aiki kyauta daga ko'ina, kamfani na iya kafa sansani a birni mafi tsadar haya ba tare da ya biya albashin da zai zaunar da mutum a can ba, kuma awannin hanya ba sa shiga lissafin kowa. Haɗarin Colgan Air na 12 ga Fabrairu 2009 kusa da Buffalo, wanda ya ci rai 50, shi ya tona wannan. Mataimakiyar matuƙin, 'yar shekara 24, albashinta bai wuce kusan dala 16,000 a shekara ba, tana zaune a gidan iyayenta kusa da Seattle, wurin aikinta kuma Newark, a ɗaya ƙarshen ƙasar. Daren jajibiri ta kwana a hanya cikin jiragen kaya biyu, ta yada zango a Memphis, ta iso da sassafe ta kishingiɗa a ɗakin ma'aikata. Kyaftin ɗin ma daga Florida yake zuwa. Masu bincike sun ɗora laifin kai tsaye a kan yadda ya ja sitiyari lokacin da jirgin ya rasa gudu, amma sun gano cewa cikin matuƙa 137 na kamfanin a Newark, 93 daga wasu garuruwa suke zuwa aiki.

Matuƙin da iyalinsa ke Minna ba shi da ma wannan gata sosai. Filin jirgin Maikunkele, wanda aka sa wa sunan Shugaba Tinubu a 2024, ya shafe shekaru an fi saninsa da jigilar alhazai, sansanonin kamfanoni kuwa suna Legas da Abuja da Kano. Mai tashi daga Abuja da safe, hanyar Suleja ce a gabansa, da ramukanta da tirelolinta, kuma awannin da ya kashe a kanta ba sa cikin littafin aiki.

A Amurka majalisa ta sa an yi nazari bayan haɗarin Colgan, rahoton ya fito a 2011 yana cewa bayanan da ke hannu ba su isa a kafa doka a kan zuwa aiki daga nesa ba. Sabbin ƙa'idojin hutu da suka fara aiki a Janairu 2014 sun ba matuƙin jirgin fasinja hutun awa 10 kafin aiki, da damar barcin awa 8 a ciki. Ba su ce komai a kan inda zai kwana ko nisan da zai taso ba. Abin da suka ƙara shi ne sa hannu: kafin kowane tashi, matuƙi zai tabbatar da kansa cewa bai gaji ba, kuma in ya sa hannun, alhakin ya koma wuyansa.