Allurar hutun haihuwa da ƙiba: abin da ya kamata ki sani

Mata da yawa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai suna zaɓen allura domin su huta tsakanin haihuwa da haihuwa. Allurar tana da sauƙi, kuma ba ta buƙatar a tuna da ita kullum kamar ƙwaya. Sai dai wasu mata suna ganin jikinsu ya ƙaru bayan sun fara ta, in kuma sun so su rage, abin ya yi musu wuya. Daga nan sai wata ta daina zuwa gidan likita ba tare da ta gaya wa kowa ba, ta yi kwanika tun yaronta bai yi ƙwari ba. Wannan bayani zai taimake ki ki gane abin da ke faruwa a jikinki, da abin da za ki iya yi a kai.

Mece ce allurar, kuma yaya take aiki?

A cikin allurar akwai wani sinadari mai kama da wanda jikin mace yake yi da kansa. Sinadarin yana hana ƙwan haihuwa fitowa kowane wata. Yana kuma sa ruwan bakin mahaifa ya yi kauri, yadda maniyyi ba zai iya wucewa ba.

Ga ire-iren da aka fi sani:

1. Depo-Provera. Ana yin ta a cikin tsoka, a damtse ko a ɗuwawu, sau ɗaya kowane wata 3, wato mako 13.
2. Sayana Press. Maganinta ɗaya ne da na Depo-Provera, amma ya fi kaɗan, kuma ana yin ta a ƙarƙashin fata kowane wata 3. Nijar tana cikin ƙasashe 4 na Afirka da suka fara gwada ta a shekarar 2014, tare da Burkina Faso, Senegal da Uganda.
3. Noristerat. Maganinta daban ne, ana yin ta kowane wata 2.

A cikin mata 100 masu yin allura, kimanin 4 ne suke ɗaukar ciki a shekarar farko, yawanci saboda sun makara wajen komawa. In ana komawa a kan lokaci, ko mace 1 cikin 100 ba ta kai ba. Allurar ba ta kare ki daga ciwon sida ko sauran cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa. Kwaroron roba ne yake yin wannan aiki.

Da gaske ne allurar tana sa ƙiba?

Gaskiya ne ga wasu mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa, in aka haɗa mata masu yin allurar wata 3 aka raba daidai, ƙarin nauyin yana kai kilo 1 zuwa 2 a shekara. Wannan lissafi ne na tsaka-tsaki. Wata ba ta ƙaruwa ko kaɗan, wata ma raguwa take yi, wata kuma tana ƙaruwa fiye da haka nesa.

An yi wani babban bincike mai suna ECHO a ƙasashen Afirka ta Kudu, Kenya, Zambiya da Eswatini, wanda aka bayyana sakamakonsa a shekarar 2019. Mata fiye da 7,800 suka shiga cikinsa. Bayan wata 18, masu yin allurar wata 3 sun ƙaru da kimanin kilo 3 da rabi. Masu ashanar hannu sun ƙaru da kusan kilo 2 da rabi. Masu robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda babu sinadari a cikinta, sun ƙaru da kilo 1 da rabi.

Ki lura da abu biyu a nan. Na farko, masu allura sun fi sauran ƙaruwa. Na biyu, har waɗanda ba su karɓi wani sinadari ba sun ƙaru. Ke nan wani kashi na ƙibar daga allura yake, wani kashi kuma daga shekaru, abinci da yanayin zama.

Me yake kawo ƙarin nauyin?

Mata da yawa suna cewa allurar tana buɗe musu ciki. Suna jin yunwa da wuri, suna ƙara yawan abin da suke ci ba tare da sun lura ba. Abincin da jiki bai ƙona da aiki ba, yana ajiye shi ne a matsayin kitse. Binciken likitoci ya nuna cewa yawancin ƙarin da ake samu kitse ne, kuma wani sashe nasa yana taruwa a ciki.

Akwai wata magana da ke yawo cewa, in haila ta ɗauke, jinin yana taruwa a ciki, shi ne yake kumbura mace. Wannan ba gaskiya ba ne. Jinin haila yana fitowa daga shimfiɗar da mahaifa take yi kowane wata domin jiran ciki. Allura tana hana wannan shimfiɗa yin kauri, saboda haka babu jinin da zai zuba, babu kuma wanda zai taru. Kusan rabin mata masu yin allurar wata 3 suna daina ganin haila bayan shekara guda. Hakan ba ya cutarwa, kuma ba ya hana haihuwa nan gaba.

Ki tuna kuma cewa mata da yawa suna fara allura ne bayan haihuwa. A lokacin jego ana cin abinci mai yawa, ana shan kunu, ana kuma rage aiki. Nauyin da ciki ya bari bai riga ya tafi ba. Sau da yawa allura ake ɗora wa laifin wannan duka.

Me ya sa ragewar take da wuya?

Dalili na farko shi ne maganin yana daɗewa a jiki. Ƙwaya in kin daina sha, cikin ƴan kwanaki ta fita. Ashana ana iya cire ta. Allura kuwa in an yi ta, babu mai iya zare ta. Ƙarfinta yana raguwa ne a hankali, har ya wuce wata 3. Saboda haka ne ma matan da suka daina ta suke ɗaukar ciki, a tsaka-tsaki, wajen wata 10 bayan allurar ƙarshe.

Dalili na biyu shi ne kitsen da ya riga ya zauna ba ya tafiya don kawai an daina allura. A wani bincike da aka yi a jihar Texas ta Amurka, aka wallafa a 2009, mata masu allura sun ƙaru da kimanin kilo 5 cikin shekara 3. Waɗanda suka daina, suka koma hanyar da babu sinadari, sun riƙa raguwa da ƙasa da rabin kilo a kowane wata 6. Ke nan jiki yana saukowa, amma sannu a hankali.

Dalili na uku shi ne sabo. In ciki ya saba da kwano biyu, komawa kwano ɗaya yana son haƙuri na makonni.

Ki auna kanki tun da wuri

Wata 6 na farko su ne suke nuna miki yadda jikinki ya karɓi allurar. Likitoci sun gano cewa macen da ta ƙaru da fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyinta a wannan lokaci, ita ce ta fi yiwuwa ta ci gaba da ƙaruwa. A binciken Texas, kimanin mace 1 cikin 4 ce ta shiga wannan sahu.

Ga yadda za ki gane kashi 5 cikin 100:

- In nauyinki kilo 50 ne, kilo 2 da rabi ke nan.
- In kilo 60 ne, kilo 3 ke nan.
- In kilo 70 ne, kilo 3 da rabi ke nan.
- In kilo 80 ne, kilo 4 ke nan.

Ranar da za a yi miki allurar farko, ki roƙi ma'aikaciyar lafiya ta ɗora ki bisa ma'auni, ta rubuta nauyinki a katinki. Ki sake yin haka duk ranar da kika koma. Tun da kina koyon karatu da lissafi, ki karanta lambar da kanki, ki kwatanta ta da ta baya. In ƙarin ya wuce abin da aka nuna a sama, ki yi magana tun a ranar.

Kina iya auna ƙugunki a gida da tef ɗin tela, daidai saitin cibiya ko ɗan sama da ita. Ga mace, in ya wuce santimita 88, hatsarin ciwon sukari da hawan jini ya ƙaru ƙwarai.

Abin da za ki iya yi a gida

Ki fara da sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙananan cokula 12, kuma rabin haka ya fi. Ƙaramar kwalbar lemo guda tana ɗauke da wajen cokula 8. Ki rage sukarin da kike zubawa a fura, koko, shayi da zoɓo, kaɗan kaɗan har bakinki ya saba.

Ki rage mai. Ƙosai, fanke, masa da soyayyen dankali suna shan mai da yawa. Ki riƙa auna man miya da cokali, kada ki tsiyaya daga kwalba.

Ki ƙara ganye da wake. Zogale, rama, tafasa, yakuwa, kabeji da kuɓewa suna cika ciki ba tare da sun ƙara kitse ba. Wake yana riƙe ciki ya daɗe. Tuwon gero da na dawa sun fi farar shinkafa, taliya da burodi riƙe mutum.

Ki zuba abincinki a kwanonki. In ana ci a tire ɗaya, da wuya ki san yawan abin da kika ci. Ki ci a hankali, ki sha ruwa. In yunwa ta taso tsakanin abinci, ki nemi gwaba, kankana, karas ko tumatir.

Ki motsa jiki. Abin da ake so ga babba shi ne minti 150 a mako, wato minti 30 sau 5. Noma, daka, ɗebo ruwa da tafiya kasuwa da ƙafa duk suna cikin lissafi. Matan birni masu zama wuri ɗaya wajen sana'a, da matan karkara a lokacin rani in aikin gona ya ƙare, su ne suka fi buƙatar su ware lokacin tafiya da sauri.

Kada ki hana kanki abinci, balle in kina shayarwa. Raguwar kilo 1 zuwa 2 a wata ta isa, kuma ita ce take ɗorewa.

Abubuwan da za ki guje wa

Kada ki sayi maganin rage ƙiba wurin masu talla a kasuwa ko bisa tire. Yawancinsu gudawa ko yawan fitsari suke sawa. Ruwan jiki suke fitarwa, kitsen yana nan, kuma suna iya lalata ƙoda.

A wurare da yawa ana ganin ƙiba alama ce ta jin daɗi. Kada ki nemi allura domin ki yi jiki, kada kuma ki haɗa ta da ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Wasu daga cikinsu suna kumbura fuska, su kawo ciwon sukari da hawan jini, su raunana ƙashi.

Kada ki jinkirta allura da nufin rage ƙarfinta. Hakan ba ya rage ƙiba. Ana iya yi miki allurar wata 3 in makarar ba ta wuce mako 4 ba, ta wata 2 kuma in ba ta wuce mako 2 ba. In kin wuce haka, sai an tabbatar ba ki da ciki.

In kina son ki canza hanya

Wannan haƙƙinki ne. Ki je cibiyar lafiya ta CSI ko gidan likita mafi kusa kafin ranar allurarki ta gaba, domin a fara sabuwar hanya ba tare da an bar tazara ba. Robar mahaifa mai jan ƙarfe ba ta sa ƙiba, kuma tana aiki shekara 10 ko fiye. Ashanar hannu tana aiki shekara 3 zuwa 5, gwargwadon irinta. Ƙwayoyin sha na kullum ba a same su da sa ƙiba mai yawa ba, amma wasu ba su dace da mai hawan jini ko mai sabon jego ba. Ma'aikaciyar lafiya za ta duba wadda ta dace da ke.

Shawarar likitoci ita ce mace ta huta aƙalla shekara 2 bayan haihuwa kafin ta ɗauki wani ciki. Cikin da ya zo kusa da kusa yana raunana uwa, kuma jariri yana iya zuwa bakwaini ko ƙarami.

Yaushe za ki je likita ba tare da jira ba?

- In ƙafafunki ko fuskarki sun kumbura, ko numfashi yana yi miki wuya.
- In nauyinki ya ƙaru da kilo da yawa cikin ƴan makonni.
- In kina jin ƙishirwa mai yawa da yawan fitsari.
- In kina ciwon kai mai tsanani ko ganinki yana dushewa.
- In jini yana zuba da yawa, ko ya wuce kwana 8.
- In kin ji ƙullutu a mama, ko kina zaton kina da ciki.

Ki gaya wa likita tun farko in kina da hawan jini, ciwon sukari, ciwon hanta ko ciwon zuciya, domin allurar ba ta dace da wasu masu waɗannan cututtuka ba.

Kira ga maigida

Malam, in jikin matarka ya canza, kada ka yi mata gori, kada kuma ka tilasta mata ta daina allura a ɓoye. Ka raka ta gidan likita ku ji bayani tare. Kai ne sau da yawa kake cefane, saboda haka ka ƙara ganye da wake, ka rage sukari da lemon kwalba. Wannan zai amfani duk mutanen gidan.

Abin tunawa

- Allura tana ƙara wa wasu mata nauyi, wasu kuma ba ta ƙara musu.
- Ɗaukewar haila ba ta tara jini a ciki.
- Ki auna nauyinki ranar farko da duk ranar komawa, ki sa a rubuta.
- In kin ƙaru da yawa cikin wata 6 na farko, ki nemi shawara a kan wata hanya.
- Kada ki daina allura sai kin fara wata hanyar, in ba ciki kike so ba.