Yadda mishan ta horar da shugabannin majami'a a Nijar

Kowa ya san likitar Galmi, kowa ya ji labarin gidan kutare na Danja. Amma ƴan mishan da suka gina su suna da wani aiki wanda ba a cika maganarsa ba, wato horar da ƴan ƙasa su riƙe majami'a da kansu. Ga tarihinsa a taƙaice.

A shekarar 1893 samari uku suka sauka Legas daga Kanada da Amurka: Bingham da Gowans da Kent. Nufinsu su shiga ƙasar Sudan, wato ƙasashenmu na baƙar fata da ke kudu da Sahara. A 1894 ciwo ya kashe Gowans da Kent. Bingham kaɗai ya koma gida, shi ne ya raya ƙungiyar da aka sani da SIM. Daga Nijeriya ƙungiyar ta ƙetaro, ta zauna Damagaram a 1924. Bayan nan ta kafa gida a Tsibirin Gobir, sannan Maraɗi. Likitar Galmi ta buɗe a 1950.

Tun farko ƴan mishan sun gane baƙo ba ya iya zaga ƙauyuka shi kaɗai. Sai da ɗan gari akan ci gari. Don haka suka buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki a Tsibiri, daga baya wata a Agye. Da Hausa ake karatun, don tun 1932 an buga Littafin duka da Hausa. Ɗaliban galibi manoma ne. Su koyi karatu da rubutu da wa'azi, su koma ƙauye, su yi noma da damina, su karantar da jama'a. Majami'un Amurka da Kanada da Ingila su ke aiko da malamai da kuɗi, ƴan ƙasa su ke ba da ƙafa da baki.

Wannan tsari ya yi amfani. Mutumin da bai taɓa shiga lakwal ba ya iya rubuta wasiƙa da harshensa. Amma akwai inda ya gaza. Mulki na Faransa ne, dokarsa kuwa ta ce lakwal sai da Faransanci. Ƴan mishan masu Ingilishi ne, kuma hankalinsu ya fi karkata ga wa'azi, ba su himmatu ga buɗe lakwal da wuri ba. Saboda haka mai bishara ya ƙware a Hausa, amma in takarda ta zo daga kumandan sai ya nemi mai karanta masa. Lissafin kuɗi da shawara da hulɗa da hukuma duk suka tsaya hannun Nasara.

Da ƙasa ta samu ƴancin kai a 1960, Kiristocin suka kafa ƙungiyarsu ta ƴan ƙasa, wadda ake kira EERN. Suna ya sake, amma mishan ta ci gaba da riƙe likita da gidaje da hanyar kuɗin waje. Ƴan ƙasa suka yi ta neman ilimi mai zurfi ga ƴaƴansu, da hannu cikin shawara. Gardama kan shugabanci da dukiya ta yi tsanani, har wajen 1990 ƙungiyar ta rabu. Daga baya aka samu makarantun tauhidi masu karantarwa da Faransanci a Yamai.

Jama'a, wannan labari ya shafi duk wanda ke aiki da taimakon waje, ko samariya ce ko ƙungiyar manoma. Wanda aka koya wa aiki, a koya masa har lissafi da takardun hukuma, sannan a damƙa masa makulli. In an bar makullin a aljihun baƙo, ranar da ya tafi sai a tsaya bakin ƙofa ana gardama.