Tambarin kasuwanci a ƙananan sana'o'in Dutse

Tambarin kasuwanci alama ce da mai sana'a ke sanyawa a kan kayansa da shagonsa da takardunsa domin mai saye ya gane su, ya kuma bambanta su da na wasu. A ma'ana mai faɗi, tambari ya ƙunshi sunan sana'a, zanenta, launinta, salon rubutunta da irin mazubin da take zuba kaya a ciki. Idan aka haɗa waɗannan duka, su ne kamannin sana'ar a idon jama'a. Babban sharaɗin kamannin shi ne su kasance iri ɗaya a duk inda aka gan su, domin da yawan gani ne ido ke sabawa da alama har ya riƙe ta.

A Dutse, babban birnin Jihar Jigawa, da garuruwan da ke kewaye da ita, batun ya fi shafar masu sayar da dabino, kilishi, zoɓo, riɗi, man gyaɗa da turaren wuta, da kuma teloli, masu abinci da masu shagunan waya. Kayan da yawancinsu ke sayarwa kusan iri ɗaya ne, kuma sau da yawa a farar leda marar rubutu ake ƙulla su. Wanda ya saya ya ji daɗi ba shi da hanyar sake gano mai kayan, wanda kuma aka cuta ba ya sanin wa zai guje wa.

Ma'anar kalma

A asali tambari babbar ganga ce ta sarauta da ake kaɗa wa sarki, wadda jin ta kaɗai ya isa a san mai zuwa. A Hausar yau ana amfani da kalmar wajen nufin alamar hukuma, kamfani ko ƙungiya. Akwai kalmomin da ke kusa da ita: hatimi, wadda aka aro daga Larabci, ita ce alamar da ake bugawa a takarda don tabbatar da ingancinta, lamba da alama kuwa sun fi faɗi, suna iya nufin kowace irin shaida.

Tarihi

Sanya wa dukiya shaida tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Makiyaya kan yi wa raƙuma da shanu lamba a jiki ko a kunne, kuma har yau ana ganin irin waɗannan dabbobi a kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis a kan iyakar Najeriya da Nijar. Fada ma tana da nata kamannin: jar riga mai haɗe da kore ta isa a gane dogari daga nesa. Dagin Arewa, wanda magina da masu ɗinkin riga da dukawa suka daɗe suna zanawa, ya zama alamar yankin baki ɗaya tun zamanin Sardauna Ahmadu Bello. Sai dai ɗan kasuwar gargajiya bai cika dogara da zane ba. Sunansa, rumfarsa, kirarinsa da shaidar waɗanda suka taɓa ciniki da shi su ne tambarinsa.

Kayan kamfanoni ne suka saba wa mutane da sayen abu ta hanyar hotonsa. Masu saye da dama, musamman waɗanda ba su yi boko ba, suna kiran kaya da zanen da ke jikinsu, kamar yadda ake cewa Maggi mai tauraro. Siyasa ta ƙara ƙarfafa wannan. A zaɓen 1979, lokacin da Dutse ke cikin Jihar Kano, an san PRP da mabuɗi, NPN kuma da gida da masara. A yau ana gane PDP da lema, APC da tsintsiya. Bayan zuwan wayar salula a 2001, launi kansa ya zama suna: ruwan ɗorawa na MTN, kore na Glo, ja na Airtel. Lema mai ɗaya daga cikin waɗannan launuka a bakin titi ta isa ta sanar da cewa ana sayar da kati a wurin, ko da babu rubutu.

Yanayin kasuwa a Dutse

An ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka kuma mai da Dutse hedikwatarta. Wannan ya kawo ma'aikatan gwamnati daga masarautun jihar biyar, wato Dutse, Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim. Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, tare da kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar da zuwan masu yi wa ƙasa hidima, ya ƙara yawan baƙi a garin. Baƙo bai san mai shago ba, bai san gidansu ba, wani ma ba ya jin Hausa. Abin da ya gani a allo ko a jikin leda shi zai riƙe.

A kasuwannin mako-mako na yankin, irin su Shuwarin a ƙaramar hukumar Kiyawa, Sara a Gwaram da Gujungu a Taura, cinikin buhu da mudu ya fi yawa, kuma sanayya ce ke tafiyar da shi. Buƙatar tambari tana farawa ne lokacin da aka karkasa kayan zuwa ƙananan ƙulli, aka kai su kantuna, ko aka aika su Kano da Abuja, inda mai saye ba zai taɓa ganin mai kayan ido da ido ba.

Dabino misali ne bayyananne. An san Dutse da itatuwan dabino, kuma cibiyar binciken NIFOR tana da reshen nazarin dabino a garin. Amma a kasuwa dabinon gida yana gogayya da wanda ake shigowa da shi daga Nijar, Aljeriya da Saudiyya, musamman a watan azumi. Wanda ya zo a kwali mai suna da hoto yakan samu shiga manyan kantuna, na gida kuma, ko da ya fi shi daɗi, yakan tsaya a faranti da baro.

Sassan tambari

Suna. Sunaye irin su Alheri, Albarka, Nasara da Rahama suna da farin jini, don haka akan sami shaguna da dama masu suna ɗaya a gari ɗaya. Sunan da ya fi amfani shi ne gajere, mai sauƙin faɗa a waya, wanda babu mai irinsa a sana'ar. Rubuta shi ma dole ya zama iri ɗaya. Idan allo ya nuna wani suna, rasit ya nuna wani, asusun bankin da ake tura kuɗi kuma ya fito da na uku, mai saye daga nesa yakan yi shakka.

Zane. Zane mai kyau shi ne wanda za a gane shi ko an ƙanƙanta shi a sitika, ko an buga shi da baƙin tawada kaɗai a hatimi, kuma mai fenti zai iya kwaikwayonsa a bango ba tare da ya ɓata shi ba. Reshen dabino ɗaya ko harafi ɗaya ya fi hoton gona guda sauƙin riƙewa. Wasu masu sana'a a yankin suna kauce wa hoton mutum ko dabba saboda dalilin addini, su zaɓi tsiro, dagi ko rubutu. Haka kuma ana guje wa buga ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a ledar da za a yar bayan amfani.

Launi. Launi ɗaya ko biyu ya isa. A bugun leda da buhu kowane launi da nasa zagayen, saboda haka yawan launi yawan kuɗi ne. Allon waya da kwamfuta yana haɗa launi da hasken ja, kore da shuɗi, tsarin da ake kira RGB, injin ɗab'i kuwa yana aiki da tawada huɗu, wato CMYK. Wannan ne ya sa koren da aka gani a waya ba lalle ya fito haka a takarda ba. Manyan kamfanoni suna amfani da lambobin launi irin na Pantone, tsarin da aka fara a Amurka a 1963. Ƙaramin mai sana'a yana iya ajiye lambar launinsa da samfurin bugu ɗaya da zai riƙa nuna wa kowace maɗaba'a. Zafin rana ma abin lura ne: ja da rawaya sukan riga shuɗi da baƙi koɗewa a allon da ke waje, ƙurar hunturu kuma tana dushe farin fenti.

Rubutu. Salon rubutu ɗaya ko biyu ake zaɓa a tsaya a kai. Matsalar da ta keɓanci Hausa ita ce haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ da ƙ, waɗanda yawancin salon rubutun ado na kwamfuta ba su da su. Idan aka yar da lanƙwasar ma'ana tana iya sauyawa, kamar tsakanin ƙafa da kafa, ko ɗaki da daki. Shi ya sa ake gwada haruffan kafin a zaɓi salo. Wasu suna haɗa Hausa da Turanci saboda baƙi, wasu kuma suna ƙara ajami domin waɗanda suka fi iya karanta shi.

Mazubi da hoto. Leda, roba, kwalba ko kwali shi ne ɓangaren tambarin da ke bin mai saye har gida. Ga masu talla a WhatsApp, Facebook da Instagram, hoton kaya ya zama wani allon shago. Hoton shafi a waɗannan manhajoji zagayayye ne, don haka dogon tambari yakan yanke a gefe. Ɗaukar hoton kaya a shimfiɗa iri ɗaya da haske iri ɗaya yana sa a gane mai su tun kafin a karanta suna.

Kiyaye daidaito

Mafi yawan rashin daidaito yana zuwa ne daga rarrabuwar aiki. Mai fenti ya rubuta allo da salonsa, shagon kwamfuta ya tsara rasit da nasa, ledar kuma a buga ta a Kano da launin da ya samu. A ƙarshe sana'a ɗaya sai ta fito da fuska uku. Maganin da masu zane ke bayarwa shi ne takardar ƙa'ida, wadda shafi ɗaya ya ishe ta: ga zanen, ga lambar launi, ga sunan salon rubutu, ga yadda ake rubuta sunan sana'a da adireshi. Ana kuma so mai sana'a ya karɓi ainihin fayil ɗin zanen daga wanda ya yi masa, irin wanda ake faɗaɗawa ba tare da ya dushe ba, kamar SVG ko PDF. Hoton da aka yi ta turawa a WhatsApp yana rage kyau, kuma idan shi kaɗai ke hannu, kowane sabon bugu sai an sake zane daga farko.

Sauya tambari akai-akai yana rushe sabon da aka gina. Idan sauyi ya zama dole, akan bar launi ko babban zanen yadda yake, a kuma canja allo da leda da rasit a lokaci ɗaya.

Doka da rajista

Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, daban take da rajistar tambari. Ta farko tana ba sana'a suna a hukumance, amma ba ita ke kare zane ba. Ana yin rajistar tambari ne a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, bisa dokar tambarin kasuwanci ta 1965. Rajistar farko tana ɗaukar shekara 7, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14, kuma ana yin ta ne a rukunin kayan da mutum ke sayarwa. Dokar ba ta saukaka mallakar sunan wuri ko kalmar da ke bayyana kaya kawai. Saboda haka da wuya mutum ɗaya ya mallaki sunan Dabinon Dutse, amma yana iya ambaton garin a ƙarƙashin nasa sunan. Amfani da tambarin ƙasa ko na jiha ba tare da izini ba laifi ne.

Kayan abinci da na sha da na kwalliya da aka ƙulla don sayarwa suna ƙarƙashin hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Takardar jikin abinci tana buƙatar sunan kayan, abubuwan da aka haɗa, nauyi, suna da adireshin mai yi, ranar yi da ranar lalacewa, da lambar rajista. Dole bayanin ya kasance da Turanci, amma ana iya ƙara wani harshe. Mai tsara tambari yakan bar wa waɗannan bayanai fili tun farko. Hukumar SMEDAN, da aka kafa a 2003, ita ce ke kula da bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i a ƙasar.

Ƙalubale

Kuɗi ne cikas na farko, domin masu buga leda da kwali sukan buƙaci a yi oda mai yawa. Masu ƙaramin jari kan fara da sitika ko hatimi a kan leda ta gama-gari. Na biyu shi ne kwaikwayo: da zarar kaya sun karɓu, wani yana iya fitowa da launi da suna mai kama da nasu, kuma wanda bai yi rajista ba yakan sha wahalar kare haƙƙinsa. Akwai kuma ɗauko zane daga intanet, wanda ke sa shaguna da dama su fito da alama ɗaya, ban da shiga haƙƙin mai zanen.

Tambari ba ya gyara kaya. Yadda yake sa a gane mai kaya masu kyau a dawo masa, haka yake sa a gane mai tauye mudu ko mai algus a guje shi. Hausawa na cewa kyan alkawari cikawa, kuma a kasuwar da sanayya ke da ƙarfi irin ta Dutse, alamar da ke jikin leda tana ɗauke ne da mutuncin mai ita zuwa inda ƙafarsa ba ta kai ba.