Daga Marco zuwa Riko: Tarihin Yaron da Ya Tafi Neman Uwarsa

A daren kowace Lahadi ta shekarar 1976, iyalai a Japan sukan taru gaban talabijin don kallon wani yaro mai suna Marco. Ɗan birnin Genoa ne na Italiya. Uwarsa ta tafi aikatau Ajantina, wasiƙunta suka daina zuwa, shi kuwa ya hau jirgin ruwa ya bi sawunta. Isao Takahata ne ya ba da umarnin wannan zane mai motsi a kamfanin Nippon Animation, inda aka shimfiɗa wani gajeren labari daga littafin Cuore na Edmondo De Amicis har ya kai kashi 52. Marco ya sha yunwa, an yi masa sata, an rufe masa ƙofofi, amma daga ƙarshe ya tarar da uwar tana jinya a Tucumán, ta warke, suka koma gida tare.

Bayan shekara 41, a Yulin 2017, wata yarinya 'yar shekara 12 mai suna Riko ta kama irin wannan hanya a shirin Made in Abyss. Ita ma saƙo ne ya iso daga uwar da ta yi shekara goma ba a gan ta ba, ita ma ta ɗaura kayanta ta fita. Sai dai tun ranar tafiyarta kowa a garin ya san ba za ta dawo ba, ita kanta ta sani.

Garin, Orth, an gina shi ne a bakin wani rami mai faɗin kusan mita 1,000, wanda aka gano shekara 1,900 da suka wuce, ba a kuma taɓa sanin ƙarshen zurfinsa ba. A cikinsa akwai kayan tarihi masu ban al'ajabi da ƙasashen waje ke saye da tsada, don haka garin kaf da ramin yake ci. Masu shiga suna da daraja hawa-hawa, ana gane su da launin usur ɗin da ke wuyansu: ja ga 'yan koyo, sannan shuɗi, har a kai ga fari, wanda 'yan tsiraru ne ke riƙe da shi, ciki har da Lyza, mahaifiyar Riko. Sauka ba ta da wata illa. Hawowa ce ke da la'ana. Wanda ya taso daga mataki na farko jiri da tashin zuciya kawai zai ji. Daga na huɗu, wato ƙasa da mita 7,000, jini zai riƙa fita ta kowace kafa ta jikinsa. Daga na shida kuwa, ko dai ya mutu ko ya rasa siffarsa ta ɗan Adam. Masu nutso cikin teku sun san ɗan'uwan wannan ciwo, domin su ma gaggawar tasowa daga zurfi ce ke halaka su.

Da wannan doka guda ɗaya marubucin, Akihito Tsukushi, ya soke alkawarin da shirye-shiryen zamanin Marco suka saba yi wa yara, cewa bayan wuya akwai gida. Tsukushi ya yi shekaru yana zane a kamfanin wasannin kwamfuta na Konami kafin ya fara fitar da labarin a matsayin manga a shafin intanet na kamfanin Takeshobo a 2012, kuma ana ganin gurbin wannan sana'a a tsarin ramin. Gari a sama, kurkuku mai mataki-mataki a ƙasa, kowane mataki ya fi na bayansa haɗari: wannan shi ne fasalin Wizardry, wasan Amurka na 1981 da ya samu karɓuwa ƙwarai a Japan. Akwai kuma tushen da ya fi wannan daɗewa. A littafin Kojiki na shekarar 712, Izanagi ya sauka ƙasar matattu don ya dawo da matarsa Izanami, ya tarar ta riga ta ci abincin can, hanyar komawa ta rufe mata.

Kada a ɗauka tsofaffin shirye-shiryen ba su san mutuwa ba. A 1975, a wannan lokaci na daren Lahadi, an nuna labarin Nello da karensa Patrasche, waɗanda sanyi ya kashe a cikin babbar majami'ar Antwerp. Amma mutuwa ce mai laushi, da mala'iku da kiɗa, wadda aka auna ta daidai da zuciyar yaro. Abin da ya sauya shi ne mai kallo. A 1997 jerin shirye-shiryen daren Lahadi ya tsaya, a daidai lokacin da tashoshi suka fara cika tsakar dare da anime na manya, bayan nasarar Neon Genesis Evangelion. Yaran da suka yi wa Marco kuka sun girma, kasuwa ta bi su. Zuwa 2011, Madoka Magica ya nuna cewa ana iya ɗaukar fuskar yara mai ban sha'awa a ɗora mata labari mai firgitarwa, a kuma yi ciniki.

Made in Abyss ya kai wannan dabara maƙura. Kamfanin Kinema Citrus, ƙarƙashin darakta Masayuki Kojima, ya zana yaran da zagayayyun fuskoki kamar na littafin 'yan firamare, ya zana ramin da kyau mai ɗauke numfashi, mawaƙin Ostireliya Kevin Penkin ya sa masa kiɗa. Sai a kashi na 10 cikin 13, wata dabba ta soki hannun Riko da ƙaya mai dafi, abokin tafiyarta Reg, yaro mai jikin inji, ya ɗauke ta ya hau sama da ita, la'anar mataki na huɗu ta kama ta, tana zubar da jini tana roƙonsa ya yanke hannun. Ba a kawar da kai daga komai ba. Duk iyayen da suka hangi hoton bangon suka miƙa wa ɗan shekara bakwai, sun yi babban kuskure.

Mafi nauyi a labarin, duk da haka, ba jinin ba ne, lissafin kuɗin ne. Riko a gidan marayu take, gidan kuma da abin da marayun suka haƙo yake gudana. Can ƙasa akwai Bondrewd, mai farin usur, mutum mai ladabi da taushin murya, wanda ke tattaro yaran da ba su da kowa, ya saukar da su mataki na shida ya hawo da su don ya ga abin da la'anar za ta yi, yana yi musu godiya da sunayensu. Garin yana girmama shi saboda bincikensa yana da amfani.

Japan ta san yara a ƙarƙashin ƙasa a zahiri. A mahaƙun kwal na Chikuho da ke tsibirin Kyushu, iyali guda kan shiga rami tare, uba na sara, uwa na ja, yara na taimako. A 1928 ne aka yi dokar hana mata da 'yan ƙasa da shekara 16 aiki a cikin rami, ta fara aiki a 1933. Sakubei Yamamoto, wanda aka haifa a 1892, ya shiga mahaƙa yana ɗan kimanin shekara bakwai, kuma sai da ya haura sittin ya zauna ya zana abin da ya gani don jikokinsa su sani. A 2011 UNESCO ta sanya zane-zanensa da rubuce-rubucensa cikin kundin tarihin duniya, na farko daga Japan. Garin da ya rayu da abin da yara ke fitowa da shi daga rami ba sai an ƙirƙiro shi ba.

Inda ake jayayya shi ne ko shirin yana tona asirin wannan zalunci ne ko yana cin moriyarsa. Zargin yana da tushe: akwai wuraren da ake tsiraita yaran ko a daɗe a kan azabarsu fiye da abin da labarin ke bukata, musamman a manga, kuma babu uzurin fasaha da zai wanke su. A ƙarshen 2023 wasu mawaƙan Koriya ta Kudu sun sha suka don kawai sun ambaci suna kallonsa. A gefe guda, shirin ya lashe kyautar anime mafi kyau na 2017 a gasar Crunchyroll, tare da ta kiɗa. Fim ɗin da ya biyo baya a Janairun 2020, wanda ya tsaya kan Bondrewd, hukumar tace fina-finan Japan ta hana 'yan ƙasa da shekara 15 kallonsa. A zango na biyu, a 2022, Riko ta isa mataki na shida, inda ba a hawowa, kuma har aka rufe zangon ba ta ga uwarta ba.